Tafintan Bilki da Awartakin Aro

Bazarar bana ta dafa mu. Tun hantsi ƙasa take ɗaukar zafi, kafin azahar ko kaza ba ta yarda ta taka tsakar gida. Ruwan randa kansa kamar an sauke shi daga murhu. A cikin wannan zafin jikata Bilki ta zo mana hutu nan Dingaya daga jami'a, da jaka a baya da kwamfutarta a ciki. Ta shimfiɗa tabarma a ƙofar ɗakina ta ce aiki za ta yi.

Na ce, "Aikin me? Ga wanke-wanke can yana jiranki."

Ta ce, "Iya, gini zan yi."

Na duba gabanta. Ba ƙasa, ba ruwa, ba tubali. Na ce to madalla, an samu magini a gidan maƙera.

Ni karatuna na tsufa ne, sai da na aurar da 'ya'yana kaf na shiga ajin yaƙi da jahilci. Amma in aka yi mini bayani a hankali ina ganewa, kuma yarinyar ta yi mini. Wai kwamfuta ba ta jin maganar mutum, ko Hausa ko Turanci, yarenta daban ne. To akwai wani abu da yake shiga tsakani. Mutum ya rubuta abin da yake so a yi, shi kuma ya juya shi zuwa yaren na'ura. Ita tana ce masa kwamfaila. Na ce wannan ai tafinta ne, irin wanda yake tsayawa tsakanin likita da mara lafiya. Ta yi dariya ta ce in riƙe shi a haka. Kuma ba shi kaɗai ba ne, tarin kayan aiki ne: ga mai fassara, ga mai haɗa guntaye, ga mai tono kuskure.

Malaminta ya ce aikinta na shekarar ƙarshe a can cikin tafintan nan yake. Buɗe shi za ta yi ta ƙara masa wani abu. Saboda haka wanda aka riga aka gama ake raba wa kowa ba zai yi mata ba. Sai ta samo ɗanyen rubutunsa, ta gina shi da kanta a kwamfutarta. In hutu ya ƙare ta koma ba ta nuna masa yana aiki ba, zai karɓe aikin ya ba wani, ita kuma ta jira baɗi.

"Kuma kin san Baba," in ji ta.

Na san shi mana, ni na haife shi. Ya riga ya faɗa cewa bana ce shekarar ƙarshe, ba zai ƙara biya mata makaranta ba.

Ɗanyen rubutun sai da ta hau babur ta je Gwaram inda sabis yake da ƙarfi, ta yini can kafin ta sauko da shi. Saura wuta. Ta lantarki ba a maganarta, wayoyinmu sun zama wurin hutun kurciya. Abin da muke da shi ɗan faifan sola ne da ubanta ya kafa mini a kan kwano, don fanka da cajin waya. Batirinsa ya tsufa kamar ni, ba ya riƙe komai. In rana ta take akwai wuta, in gajimare ya gifta babu. Batirin kwamfutar ma haka. Ke nan aikin Bilki sai da tsakar rana, lokacin da kowane mai hankali yake neman inuwa.

Da farko haɗama ta yi, ta ce a gina mata komai da komai a lokaci guda. Na'urar ta yi ta nishi, ƙwaƙwalwarta ta cika, ta sandare. Ta zauna ta sake tsari. Ta zaɓi iya abin da aikinta yake bukata, ta ce a riƙa yi ɗaya bayan ɗaya. Sai ga rubutu yana hawa a fuskar abin, layi bayan layi, a hankali kamar tururuwa. Ita kuma fankar cikinta tana ihu.

Rannan ta shiga wanka ta bar kwamfutar a tabarma. Na ga ƙudaje suna sauka a kai, ga ƙura, ga kaji suna leƙe. Ni duk abin da ake dafawa rufe shi nake yi. Na ɗauko zanena mai kauri na lulluɓe ta ruf. Kafin yarinyar ta fito ihun ya tsaya.

"Iya! Wa ya rufe ta?"

"Ni. Ƙuda za ki bari ya ɓata miki gini?"

"Kin shaƙe ta! Zafi ya kashe ta!"

Ta yaye zanen, ta taɓa gindin abin ta janye hannu. Ta zauna daɓas a ƙasa, idonta ya kawo ruwa. Na ce in ta mutu ne a faɗa mini in san abin yi. Ta ce ba ta mutu ba, kashe kanta ta yi don kar ta ƙone, sai ta huce. Kuma abin da aka riga aka gina yana nan, daga inda aka tsaya za a ɗora. Rana ɗaya dai ta tafi a banza, ga hutu yana ƙarewa.

Muna zaune muna jiran ta huce na tambaye ta, "Wai shi tafintan nan da me ake gina shi?"

"Da wani tafintan."

"Kina nufin sai kana da shi za ka same shi?"

"Eh. Akwai wanda ya zo da kwamfutar, kamar na aro ne. Shi zai gina mini nawa. In ya gama, sai in ajiye na aron, in sa nawa ya sake gina kansa. A nan zan san ko lafiyarsa ƙalau."

Sai ta ɗaga kai ta dubi gabas. Hadari ne ya fara tasowa can wajen Basirka, baƙi, na farko a bana, wanda duk garin nan ake ta jira. Na ji ta ce ƙasa-ƙasa, "Allah ka sa kar ya zo yanzu." Ta yi sauri ta rufe bakinta da hannu, ta dube ni ko na ji.

Na ji. Kuma a tsakar gidan nan na taɓa yin wannan addu'ar.

Shekarun fari ne, lokacin da ake ta cewa arzikin mai ya shigo ƙasa. Mu dai ba mu gan shi ba sai a bayan manyan motoci da suke wucewa ta hanyar Birnin Kudu, ɗauke da siminti da rodi. Damina ta yi mana ƙarya, ta sake yi mana ƙarya. Gero ya kai gwiwa ya tsaya, ya yi fari, iska ta kakkarya shi. Ina goye da ɗana na fari, uban Bilki. Da asuba nake fita rijiya, guga ya daɗe yana tafiya, ya dawo da rabin laka. In kawo gida in bari ya kwanta, in tace da gefen zane. Daga nan in shiga daji neman tafasa da duk ganyen da akuya ta ci ba ta mutu ba. Dusar da muke ba dabbobi ita muka koma damawa. Yunwa ba ciwon ciki ba ce kawai. Kunne ne yake ƙara, in ka miƙe tsaye duniya ta yi duhu, kuma sai ka ji kana jin haushin kowa ba dalili.

Maigidana maƙeri ne, gado ya yi. Amma wa zai sa a ƙera masa fartanya alhali ba abin nomewa? Maƙera ta mutu. Ya fara ɗaukar kayan aikinsa ɗaya ɗaya zuwa kasuwar Gwaram yana musanya su da dawa. Guduma ta tafi, masaba, babbar ta dukan ƙarfe, ita ma ta tafi. Awartaki, wanda ake kama jan ƙarfe da shi, shi ne na ƙarshe. Ranar da ya kai shi bai ci tuwon ba. Abin da ya rage uwar maƙera ce kawai, wannan dunƙulen ƙarfe da ake duka a kai. Ita ba a sayar da ita, kuma ko an so babu mai iya ɗauka. Zugazugi kuwa fatarsa ta bushe ta tsattsage a rataye.

Ƙannensa duk sun tafi, wasu aikin titi, wasu Kano. Suka riƙa aiko masa ya taho, akwai leburanci, ana biya. Wata rana da yamma ya ce mini, "In ruwan bana ya sauka maƙerar nan ba wuta, tafiya zan yi." Bai ƙara ba. Shi ba ya faɗin magana sau biyu. Ni kuwa na ga matan waɗanda suka tafi. Wata ana aiko mata, wata sai labari.

Sai shamuwa ta dawo ta sauka a kan kukar bayan gari. Gawo ya fara zubar da ganye. Iska ta juya, dare ya yi nauyi, gumi ba ya bushewa. Kowa ya san ruwa yana hanya. A lokacin ne manoma suka tuna ba su da sungumin shuka, ba su da fartanya. Wasu sun sayar, wasu tsatsa ta cinye. Aka fara sallama a ƙofar gidanmu.

Ya tashi da sassafe ya taka har Sundimina wurin kawunsa, Baba Ɗanjuma, wanda ya koya masa ƙira. Tsohon ya ba shi aron awartaki ɗaya da masaba ɗaya, da sharaɗi. Ya ce, "Ni ma ina da manoma. Ranar da ruwan shuka ya sauka, washegari kayana su kwana a maƙerata." A hanyar dawowa ya tsinci karyayyen sifirin na babbar mota a gefen titi, da wani guntun ƙarfe mai kauri, ya ɗauro su a ka. Iya rabonmu ke nan daga arzikin mai, kuma ban raina ba.

Fatar akuyarmu ta ƙarshe, wadda muka yanka da ta kasa tashi, ita na jiƙa na murza na ɗinka zugazugi. Gawayin ƙirya mu biyu muka ƙona shi a daji. Masu zuga sun tafi birni, saboda haka ni na zauna a bayan wuta, da goyo, hannu na hawa hannu na sauka. Mace ba ta zuga a garin nan, amma ba wanda ya sami ƙarfin yin gulma.

Wuta ta kama. Ƙarfe ya yi ja. Na ce alhamdu lillahi, yau za a ƙera sungumi a samu hatsi. Sai na ga yana miƙar da ƙarfen yana sirantar da shi, ba faɗaɗa shi yake ba.

"Malam, me kake ƙerawa?"

"Awartaki."

"Ga awartaki a hannunka!"

"Na Kawu ne. Zuga."

Maƙwabcinmu Malam Idi ya shigo da ƙwaryar gero a hannu, gero na gaske, wanda ya ɓoye don iri ya ɗebo daga ciki. Ya tsuguna ya ce a yi masa sungumi yau, ga abinsa. Da ya ga abin da ake dukawa sai ya ce, "Haba Maƙeri! Hadari yana haɗuwa, kai kana ƙera abin cire ƙaya?"

"Ka dawo jibi, Malam Idi."

"Jibi? Ruwan zai jira ka ne? Ko kai ne mai ba shi izini?"

Ya ɗauki ƙwaryarsa ya fita. Idona yana kan geron nan har ya ɓace a zaure. Na saki zugazugi na ce, "Yaron nan tun safe ruwan dusa ne a cikinsa. Nonona ya ƙafe. Abinci ya shigo har gida ka kore shi."

Bai ɗaga kai ba. Ya ce, "In na ƙera sungumi da kayan aro, yau za mu ci. Ranar da aka karɓi kayan fa? In zauna in kalli uwar maƙera? Zuga, wuta tana mutuwa."

Na zuga. Ina kuka ina zugawa, hawaye da gumi ba a bambancewa.

Ya gama awartakin, ya huda tsakiya ya sa ƙusa ya daddale. Ya ƙera masaba da guntun ƙarfen nan mai kauri, wannan ta ci mana yini da gawayi mai yawa. Na ce to yanzu sai sungumi. Sai ya ɗauki kayan Kawu ya jingine su a bango, ya kama sabon awartakinsa, ya sa wani ƙarfen a wuta, ya fara sirantar da shi.

"Wani awartakin kuma?"

"Wancan na aro ne ya haife shi. Sai na ga ya riƙe wuta da kansa zan yarda da shi."

Saura kaɗan in jefa masa zugazugin. Bai yi duka goma ba ƙusar tsakiya ta goce, bakin awartakin ya buɗe, jan ƙarfe ya yi tsalle ya sauka a bayan ƙafata. Tabon yana nan har yau. Na yi ƙara, yaro ya farka ya kama tasa. Shi kuwa ya zuba mini ruwa a ƙafa, ya dubi awartakin ya ce, "Kin gani? Da yau kayan Kawu suna Sundimina, da me zan gyara shi?" A lokacin ba gaskiyarsa nake so ba, gero nake so.

Ya gyara shi da na aron. Ya sake gwadawa, ya riƙe. Da shi ya ƙera na biyu, wanda babu hannun aro a jikinsa ko kaɗan.

A ranar ne maza suka fita bayan gari roƙon ruwa. Muna jin muryoyinsu daga maƙera. Gabas ta yi baƙi ƙirin, iska tana kawo ƙamshin ƙasar da ta jiƙe a wani wuri. Maƙogwarona a bushe, rijiya ta kusa ƙafewa, ba wanda ya fi ni son ruwan nan. Amma ina zuga ina cewa a zuciyata, Allah ka kawo shi, amma ka ɗan dakata mana. Har yau ban ga laifina ba. Shi ya san abin da nake nufi.

Hadarin ya watse ranar. Da ya sake haɗuwa ya zo da gaske, da la'asar, da iska mai ɗaga danga. Sungumi kaɗan muka samu muka gama, ba su ishi ko unguwarmu ba. Wasu suka tafi kasuwar Birnin Kudu suka sayo. Malam Idi da aron sungumi ya yi shuka, kuma sai da kaka ta yi kafin ya sake amsa gaisuwar maigidana da fuska a sake. Yunwarmu ta ƙara tsawo saboda taurin kan mutumin nan, ba zan ɓoye ba. Washegarin saukar ruwan ya ɗaure kayan Kawu ya taka cikin taɓo ya mayar. Da ya dawo ya hura wuta da nasa. Kafin noman farko ana layi a ƙofar gida. Bai je Kano ba, har Allah ya karɓi abinsa a ɗakin nan.

Ban ba Bilki wannan labarin duka a ranar ba. Na dai ce mata, "Sauke hannunki daga baki. Ba ke kika fara ba."

Hadarin Basirka bai iso gare mu ba, ya bi ta kudu. Washegari rana ta fito fes. Yarinyar ta ce, "Iya, ba ki da wani abu da zan ɗora ta a kai, iska ta riƙa shiga ta ƙasa? Tabarmar nan toshe ta take yi." Ta gwada faifai, ya lotsa. Ta gwada murfin tukunya, yana zamewa. Na shiga ɗaki na durƙusa na jawo awartakin nan na biyu daga ƙarƙashin gado. Na buɗe shi na kwantar a ƙasa, ƙafafunsa a ware. Kwamfutar ta zauna a kai daram, ga sarari a ƙasa.

"Wannan fa, tsohuwa? Kayan tarihi kika fito da su?"

"Ya girmi ubanki a aiki. Kunna."

Ta kunna. Rubutun ya ɗora daga inda zanena ya tsayar da shi. Na jawo kujera na zauna a gefe da mafici ina yi mata fifita, hannu na hawa hannu na sauka. Da can wuta nake hurawa, yanzu korar ta nake yi, amma kafaɗar ɗaya ce take ciwo. Muka yini a haka, muka sake yini. In gajimare ya gifta mu duka biyu mu ɗaga kai.

Ana kiran la'asar ihun fankar ya lafa. Bilki ta ƙura ido, ba ta ko numfashi. Ta rubuta wasu 'yan layuka, ta miƙa wa sabon tafintan, ta danna. Ta juyo da fuskar abin wajena.

"Karanta, 'yar makaranta."

Na matso, na bi da yatsa. An rubuta: Sannu da fifita, Iya.

Na ce, "Ya iya gaisuwa. To yanzu sai ki ajiye na aron."

Ta dube ni da mamaki, ta ce ashe ina saurare. Ta sa shi ya fara gina kansa. Wannan karon bai kai ƙarshe a ranar ba, don gabas ta sake yin baƙi, iska ta taso, wutar sola ta ɗauke. Ta rungumi kwamfutar ta ruga ɗaki. Ɗigon farko ya faɗo a kan kwano kamar an jefa tsakuwa, ƙamshin ƙasa ya tashi. Ta leƙo ta taga tana ihu, "Ya zo! Allah ya ƙaro!" Yara suka fito tsakar gida suna tsalle. Ni ban shiga ba, na tsaya ya jiƙa ni.

Ragowar ginin ta ƙarasa shi da safe bayan gari ya washe, kuma ya riƙe. Ranar komawarta tana haɗa jaka na ga tana juya awartakin a hannu. Ta ce ɗakinsu na makaranta ma zafi ne da shi, kuma aikin yanzu aka fara, duk abin da ta ƙara sai ta sake gini.

"Iya, ki bar mini shi."

Na karɓa na naɗe shi a tsumma, na cusa mata a jaka da kaina.

Na ce, "Ba kyauta ba ce, aro ne. Ranar da kika gama naki, washegari ya kwana a ɗakina."